Ɓargo a Bakin Get

Nababa ne ya fara gani. Kafin uban yarinyar mai digiri biyu, kafin uwarta mai ofis da direba, kafin likitan da daga baya ya zuƙi jininta ya ba na'ura ta kwana tana tunani, wannan tsohon da bai taɓa zama a aji ba shi ya gani, kuma da babban yatsa ɗaya ya gani.

Mahauci ne a Dei-Dei. Ya zo Abuja tun ana noman dawa a inda yau ake kira Wuse, kuma a shekara arba'in da ya yi yana fawa babu dillalin da ya taɓa sayar masa da saniya mai ciwo. Shi ba ya tambaya. Fatar ido yake ja ƙasa ya leƙa. In ciki ja ne, a yi ciniki. In fari ne kamar tsumman da ya sha wanki, ko kyauta aka ba shi ba ya so.

Ranar wata Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci, ya isa gidan ɗansa Ameer a Gwarimpa da leda biyu kamar kullum. Babbar ta gida ce. Ƙaramar kuwa hantar rago ce, ta jikarsa Nabilah ita kaɗai, don shi ya fara sa mata hanta a baki ranar da aka yaye ta, kuma shekara ashirin da ɗoriya bai fasa ba. Ta fito gaishe shi, ta durƙusa, da za ta miƙe sai da ta dafa kujera. Ya ce ta matso. Ta matso tana dariya, tana cewa yau kuma angon nata me ya gani. Ya sa yatsa ya ja fatar idonta ƙasa.

Fari fat.

Ya faɗa wa uban. Ɗan fari ne, don haka ba ya kama sunansa, Darakta yake ce masa, rabi girmamawa rabi gatse. Ya ce Darakta, yarinyar nan ba jini a jikinta. Ameer bai ko ɗaga kai daga waya ba, ya ce ai yaran yanzu haka suke so, rage jiki take yi, kuma Baba ya daina duba mutane kamar shanu a kara. Hadijatu, uwar yarinyar, ta kawo ruwa ta ce gajiyar bautar ƙasa ce kawai, ofishin da aka tura ta a Wuse ba hutu. Nababa ya sha ruwansa ya ajiye kofin. 

Da zai tafi ne, a bakin get, maƙwabciyarsu Madam Perpetual ta leƙo ta kan katanga ta tare shi da fara'a.

"Baba, sannu. Na daɗe ina so in gode maka. Kare na yana son hanta ɗin nan naka sosai. Kowane Juma'a yana jira."

Sai da ta maimaita ya fahimta. Wata bakwai. Wata bakwai yana tashi da asuba yana zaɓen rago mai lafiya, yana fincike hanta da ɗuminta kafin masu tsire su rufe shi, yana ƙulla ta da hannunsa, yana shiga tasi biyu, ashe duk don karen Madam Perpetual yake yi. Ya juya ya koma cikin gidan bai yi sallama ba.

Nabilah ba ta yi musu ba, abin da ya ƙara hasala shi ke nan. Ta ce ta daina cin nama tun bayan Babbar Salla. Akwai wata ƙungiya da take zuwa ranar Asabar a wani lambu, wani Zacharias ke yi musu bayani, kuma ta karanta da kanta ta gamsu: ba a halicci ɗan Adam don nama ba. Ta ce ya dubi haƙoran zaki ya dubi nata. Ya dubi farcen damisa ya dubi nata. Ta ce mutanen farko 'ya'yan itace suke ci da saiwa da ganye, kamar yadda birai ke yi har gobe, kuma wasu masana ma cewa suke asali ɗaya ne.

Ya ce ta tsaya nan. Kakan Zakariyya yana iya zama biri, wannan tsakaninsu ne, amma shi kakansa Annabi Adamu ne. Sannan ya ce in ilimin ciki ake so, a zo wurinsa, don ya farke cikin dabba fiye da yadda Zakariyyan ya buɗe littafi. Cikin saniya ɗaki huɗu ne, don ciyawa aka gina shi, ta haɗiye ta dawo da ita ta sake taunawa.

"Ke kin taɓa ganin mutum ya kwanta a inuwa yana tuƙa? Ubanki ne kawai na ga yana yi, shi ma da waya."

Ameer ya ce Baba don Allah. Nabilah ta ce ai Kaka ba shi da bakin magana a kan haƙori, tunda uku suka rage masa, su ma ba sa gaisawa da juna. Ya ce da ukun nan ya ci abin da ita da talatin ɗinta ta kasa. Har nan wasa ne irin na kaka da jika, ko da yake wasan ya fara ɗaci. Da a nan ta tsaya, da ya yi fushinsa na kwana biyu ya dawo da wata ledar.

Ba ta tsaya ba. Ta jawo waya ta nuna masa hoton wani tsohon ƙashi da aka tono daga ƙasa, mai zane-zane a jiki. Ta ce ko masu cewa mutanen farko sun ci nama sun yarda ba farauta suka fara yi ba. Ragowar zaki da kura suke bi, in sun ga ungulu na shawagi su ruga, su fasa ƙashi da dutse su tsotse ɓargo.

"Ka ga ke nan ba halitta ba ce, Kaka, faɗuwa ce. Mushe fa. Wane mutum mai mutunci ne zai yi rububin mushe da ungulu?"

Ba ta san inda ta taka ba. Babu wanda ya sani a ɗakin, don shekara hamsin Nababa yana ɓoye wannan wuri, har matarsa ta rasu bai nuna mata ba. Shi ya yi rububin mushe da ungulu. Mahaucin da duk Dei-Dei ke rantsuwa da tsarkin yankansa.

Ya miƙe tsaye. Ya ce ya rantse da Allahn da ya raya shi, ƙafarsa ba za ta ƙara taka cikin gidan nan ba sai ranar da nama ya wuce maƙogwaronta. Ya bar hularsa a kan kujera, bai koma ɗauka ba.

Kwana goma sha tara bayan nan Nabilah ta yanke jiki ta faɗi a matakalar ofishinsu. Ameer ya kira shi daga asibiti da murya ƙasa-ƙasa, ya ce likita ya ce ƙarancin jini ne, mai tsanani. Nababa ya tambaye shi nawa aka biya kafin a faɗa masa haka, don shi kyauta ya faɗa, aka ce yana duba mutane kamar a kara. Ya je asibitin, tunda asibiti ba ya cikin rantsuwa. Ya tarar da ita kwance da jinin wani yana ɗiga mata a jijiya. Ya ce mata to, ga shi, ta ƙi na rago ta sha na mutum. Ta juya fuska bango.

Likitan ma bai taimake shi ba. Wani yaro ne mai gilashi, ya ce ba dole sai nama ba, akwai ƙwayoyi, akwai wake da zogale da alayyahu, in dai za ta kiyaye. Nababa ya dube shi sama da ƙasa ya fita, don in ya tsaya zai faɗi abin da za a kira masu gadi.

Aka sallamo ta. Ƙwayoyin suka ƙi zama, ta sha ta amayar. Waken ma cokali uku take yi ta ture. Mako biyu Hadijatu na kiran surukinta tana kuka, tana cewa yarinya ko wanka sai an riƙe ta. Ameer ya zo har Dei-Dei da farin yadinsa, yana tsallake kwata, ya ce ya tambayi liman: rantsuwa tana da kaffara, a ciyar da miskinai goma, shi zai ɗauki nauyi, Baba ya zo gida kawai ya lallashe ta. Nababa ya ci gaba da wasa wuƙa. Ya ce shi bai taɓa rantsuwa ya saye ta da shinkafa ba, kuma ba zai fara a shekara saba'in ba.

Amma a ranar bai iya cin abinci ba. Farin idon nan ya san shi, kuma ba a jikin saniya ya fara saninsa ba.

Washegari da hantsi tasi ta sauke shi a ƙofar gidan Ameer da buhu. Bai shiga ba. Ya shimfiɗa buzunsa a bakin get, daidai inda simintin gidan ya ƙare titi ya fara, ya fito da kurfoti da gawayi ya hura wuta. Ya fito da ƙashin ƙafar saniya guda biyu da 'yar hanta. Sannan ya tsallaka inda ake wani gini ya zaɓo dutse biyu, ɗaya mai faɗi ɗaya cike da hannu. Masu wucewa a mota suna rage gudu. Ameer ya fito yana roƙo, yana cewa unguwar nan ba a irin wannan, akwai manyan mutane. Nababa ya ce manyan mutanen su rufe gilashi. A fito masa da Nabilah.

Hadijatu ce ta riƙo ta, aka ajiye mata kujerar roba daga cikin get, shi yana daga waje. Ta rame har zoben hannunta na yawo. Ta ce in wa'azin nama ya zo yi, ya tanadi ƙarfinsa. Ya ce ba wa'azi ya zo ba. Ya ce ta kawo hoton ƙashin nan ya sake gani.

Ya riƙe wayar nesa da ido ya daɗe. Sannan ya sa baƙin farcensa a jikin gilashin. Ya ce wannan ramin mai faɗi, mai santsi a ƙasa, haƙorin kura ne. Wannan siririn da ya hau kansa dutse ne, kuma tunda ya hau kansa, kura ta riga, mutum ya biyo baya. Wannan ɓallin na gefe kuma wurin duka ne, kuma wanda ya yi dukan gwani ne, sau ɗaya ya buga. Nabilah ta karɓi wayar ta karanta abin da ke ƙarƙashin hoton, ta ɗago ta dube shi. Ta tambaye shi wa ya karanta masa.

Ya ce yunwa.

Ya ba da labarin yana juya ƙashi a kan wuta, bai dubi kowa ba. Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, fari ya cinye garinsu a arewa da Gumel. Shanu suka zube, rijiyoyi suka ƙafe. Shi yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya kamo hanya a ƙasa da yayarsa Kande, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Garin da ke cikin ƙullinsu ya ƙare a kwana na huɗu. Daga nan sai ganyen aduwa da ɓawon itace. Rana ta bakwai ya ga ungulu sun taru, ya bi su. Kura ta gama da nama tas, sai ƙashi. Ya jefi ungulun da dutse, da dutsen kuma ya fasa ƙashin. A ƙashin farko bai sami komai ba sai jan ruwa, don saniyar da yunwa ta kashe ɓargonta ma ya tsiyaye. A hankali ya gane sai na ƙasa, na kusa da kofato, shi ne na ƙarshen bushewa. Ya sha. Ya ƙunso saura a ganye ya kawo wa Kande.

Ta ƙi. Ta ce mushe ne, ita ba za ta gamu da Ubangijinta da shi a ciki ba. Ya ce mata malamai sun ce lalura tana halatta shi, ta ce shi yaushe ya zama malami. Kwana huɗu yana kawowa tana ture hannunsa, tana tauna ganyenta. Rana ta goma sha ɗaya ya ja fatar idonta don ya ga ko tana ganinsa.

"Fari ne, irin naki. Da wannan hannun na haƙa mata rami, da irin wannan dutsen. Ni ne mutumin da ba shi da mutunci, Nabilah. Daga wannan mushen ubanki ya fito, da digirinsa, da gidan nan, da ke."

 Ameer ya zauna a kan simintin da farin yadinsa. A kan katanga kuwa kan Madam Perpetual ya daɗe da leƙowa, bai koma ba.

Nababa ya sauke ƙashin ya ɗora a kan dutse mai faɗi. Ya juya shi yana neman wuri da yatsa, ya ɗaga ɗaya dutsen, ya buga sau ɗaya. Ƙashin ya buɗe biyu, ɓargo na tururi. Ya ce ga haƙoran zakin da take nema, Allah bai sa mana su a baki ba, a hannu ya sa mana. Ya yanki hanta ƙanana, ya dangwala a ɓargon, ya barbaɗa gishiri, ya miƙa hannu ta tsakanin ƙarfen get ɗin. Hannun kawai ya shiga. Ƙafarsa tana waje.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, da muryar da da ƙyar take fita, labarinsa bai karya maganarta ba, ya ma ƙarfafa ta: yunwa ce ta kai shi, ba halitta ba. Ya ce to ta nuna masa ranar da ɗan Adam ya taɓa rayuwa ba yunwa a bayansa, sai su yi maganar halitta. Ta ce in ta warke za ta koma kan wakenta. Ya ce in ta warke ta ci katako ma, ba ruwansa. Bai janye hannun ba.

"A matsayin magani zan ci. Ba don ka yi gaskiya ba."

"Ci a matsayin duk abin da kika ga dama. Kande ma da ta ce haka da yanzu tana nan tana zagina."

Ta karɓa. Ta tauna tana yamutsa fuska, hawaye na zuba, ta haɗiye. Ya zuba wa maƙogwaronta ido har ya ga ya motsa. Sai ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya tura get da ƙafa ya shiga, ya wuce ɗansa a zaune, ya tambayi Hadijatu ina hularsa.

Yanka huɗu ta ci ranar. Juma'ar da ta biyo ta ci shida, tana mita. Bayan wata biyu ya ja fatar idonta ya ga ja ya fara dawowa, Ameer ya ce ai sabbin ƙwayoyin da likita ya canja mata ne suka karɓe ta. Nababa ya ce haka ne, ƙwayoyin ne suka hura gawayi a bakin get. Har yau ba ta cin tsoka, ba ta cin kaza, kuma ta koma lambun Zakariyya ranar Asabar. Hanta kawai, ranar Juma'a, daga hannunsa, kuma kowane mako sai sun yi faɗa a kan birai. Karen Madam Perpetual kuwa ya daina gaishe shi.

Maganar mushe ba ta tsaya a Gwarimpa ba. Abin da aka faɗa a bakin titi ba ya komawa cikin buhu. Kafin wata ya ƙare ta isa Dei-Dei, wani mahauci da suka daɗe suna takun saƙa ya fara kiransa abokin ungulu, wasu masu saye biyu suka koma wani tebur. Nababa bai musa ba. Dutsen nan cike da hannu ya ɗauko ya ajiye a kan teburinsa, gefen wuƙaƙe, inda kowa zai gani. Duk wanda ya tambaya sai ya ji labarin tun daga Gumel, ko yana sauri, har da ƙarin cewa Turawa sun ƙare ƙuruciyarsu suna tonon ƙasa don su gano abin da shi ya sani yana ɗan goma sha bakwai, ba wanda ya ba shi ko satifiket.

Wanda kuma ke ganin ƙarya ce, ko yake ganin shi ya fi ƙarfin abin da Nababa ya ci, hanya a buɗe take. Teburin yana layin 'yan kayan ciki, na uku daga famfo. Ya zo ya zauna a kan benci, ga ruwa, ga ganyen aduwa za a samo masa, ya yi kwana bakwai a kansu. Rana ta takwas Nababa zai ajiye masa ƙashi da dutse a gabansa, ba zai ce masa komai ba, zai dai tsaya ya ga hannun da zai ƙi miƙewa.